Murjanin Gwaggo Yalwa

Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa bakin teku
wuni ne da kwana a mota,
amma ga nawa tekun a kusurwar falo, cikin gilashi:
bokiti goma sha biyu na ruwan da na tace da hannuna,
da gishirin da direban Legas ya sauke mini a Sabon Gari
yana tambaya ko unguwa duka zan yi wa miya.

Bayan isha nake ciyar da su.
In kashe famfo, ruwa ya kwanta.
In ɓallo jatan landen da ya daskare a firij,
ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
in narkar da shi a murfin kwalba.
Biyun nan masu ruwan lemo da farar ɗamara
ba su san kunya ba, sun iso kafin a kira.
Shuɗin kuwa sai ya yi ta kewaye
kamar surukin da aka ajiye wa kwano a gaban mutane.

Murjani ba ya zuwa, kai kake je masa.
Da sirinji, sannu, ɗigo a kan kowane baki,
sai ka ga dutse ya buɗe yatsu
sirara, sun fi gashin ido laushi,
ya dunƙule lomarsa ya kai ciki.

Da aiki ya kai ni Zariya kwana uku
na bar wa Gwaggo Yalwa amana, da rubutu a takarda:
kaɗan.
Har layi biyu na ja a ƙarƙashi.
Matar da baƙo bai taɓa ganin gindin kwanonta ba
ta dubi murfin kwalba, ta ce wannan rowa ce ta 'yan boko.
Ta cika cokali. Ta bi da ɓarɓashin burodi.
Ga zafin Afrilu, ga an ɗauke wuta,
batirin sola ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya mutu da asuba.

Na dawo na tarar da ruwa kamar farau-farau,
shuɗin yana kwance ta gefe guda, ido a buɗe.
Ban ce komai ba. Ita ce ta ce,
tana kallon ƙasa:
"Ni dai ban taɓa jin inda ƙoshi ya yi kisa ba."

Mako biyu muna canjin ruwa.
Ita ke riƙe tiyo, ni ke auna gishiri,
da rana ta aiki yaro shagon Ɗanjummai
ya sayo ƙanƙarar leda mu sa ta yi ta yawo a saman ruwa.
Murjanin ya ƙulle, ya koɗe,
ya ƙi mu, kamar wanda aka yi wa laifi a gidan biki.

Daren sha biyar, a ƙarƙashin shuɗiyar fitila,
baki ɗaya ya buɗe. Sai na kusa da shi.
Gwaggo ta matso har numfashinta ya dusashe gilashi.
"Me ka ce sunan abin nan?"
Na faɗa.
Hannunta ya tafi wuya, ga jan tsakiyar nan da ta gada wurin uwarta,
wanda ba ta cirewa ko za ta kwanta.
"Shi ma da can yana ci?"
Na ce yana ci.
Ta daɗe tana murza shi tsakanin yatsu.
"Shekara hamsin yana wuyana,
ban taɓa tambayarsa ko yana jin yunwa ba."

Yanzu ita ke riƙe sirinji.
Hannun na rawa, lissafin bai rawa:
ɗaya, biyu,
a na uku ta tsaya, ta yi tsaki, ta harare ni.
Na san in na juya neman tawul
tana ƙara rabin ɗigo wa ƙaramin da ke can ƙurya.
Ina ganinta a jikin gilashi.
Sai in ƙirga goma a zuci,
in kunna famfo.